Amsar A-gong ta Laraba ta Bakwai

Shafi na 7

Ku yi haƙuri da ni. Na san kwana tara ke nan ban saka komai ba, kuma na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ban iya ba in bar wa masu iyawa. Gaskiyarta ce. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba sai wannan, ban ma san wa ya aike ni ba. Sau huɗu ina rubuta wannan shafin ina gogewa, saboda a cikinsa nawa laifin yake. Kada ku zage ni da yawa.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Wan-ju, a gida A-Ju. Kakana, A-gong, ya rasu ran Alhamis, shi ya sa addu'ar da ake yi masa kowane kwana bakwai take faɗowa ran Laraba. Ranar da nake ba ku labari ita ce ta bakwai, kwana arba'in da tara, ranar da mamaci yake barin gida ba ya sake waiwayowa.

Da sha biyu da kwata Baba ya miƙo mini ambulan.

"Takardar shaidar rasuwa ce. Ki kai wa Kuo-jie a ofishin dillalan hannun jari ta rufe asusun A-gong, a fara maganar gado. Masu hasumiyar da ake ajiye tokar mamata bayan an ƙona gawa sun ce ƙarshen wata za mu biya kuɗin gurbin tokarsa, ba za su ci gaba da ajiye mana ita a ɗakin jira ba."

"To, Baba."

"Ki dawo kafin ƙarfe biyu, masu addu'a za su iso. In kin ga kakarki A-ma a hanya ki taho da ita. Tun ɗazu ta fita sayen furanni."

Ofishin yana hawa na biyu, a saman kantin magani. Tun daga matakala nake jin ƙamshin shayi da man zafi. Na tura ƙofa. Allunan farashi da ke bangon gaba sun fara komawa kore, launin faɗuwa a kasuwarmu, sai ɗan ja, launin hawa, nan da can. Tsofaffi kamar talatin sun ɗaga kai sama, ba mai motsi.

Kujerar A-gong tana layi na uku, jikin ginshiƙi. Tun da ya rasu ba wanda ya zauna a kanta. Kofin shayinsa kawai suke ɗorawa.

Ran nan akwai mutum a kai.

Rigar sanyinsa mai ruwan toka. Kafaɗar hagu a karkace, kamar yadda yake zama.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo.

Kan ya juyo a hankali. A-ma ce, ta nutse cikin rigar mijinta, ledar furanni a cinyarta.

"Ga ta nan!" wani ya daka tsawa. "Ga idon A-Fa ta iso! Ku ba ta wuri!"

A-peh Pan ne, abokin A-gong na shekara arba'in, mai haƙora uku. A-Fa shi ne sunan da suke kiran kakana a nan. Kafin in ankara tsofaffi sun fara tafi. Wata ta cusa mini dafaffen ƙwai a hannu, wani ya shafa hannun rigata ya shafa a goshinsa.

"A-ma, me kike yi a nan? Baba yana nemanki."

"Zauna, A-Ju."

"Me ya sa suke yi mini tafi?"

A-peh Pan ya dubi A-ma, wadda suke kira A-so a nan. "A-so, ba ki gaya mata ba?"

"Yarinya ce."

"Yarinyar da ta saya mini sabon babur? Haba!" Ya ciro waya daga aljihu. Na gane ta tun kafin ya juyo da fuskarta. Baƙa ce, gefenta a tsage. Wayar A-gong.

"Saurara, 'yar boko. Kakanki shekara da shekaru yana sayen tikitin Laraba. Kin san shi?"

Na san shi. Ni nake karanta wa A-gong lambobi lokacin da yake asibiti. Takardar zaɓi ce da wa'adinta yake cika ran Laraba. Ka biya kuɗi kaɗan, ka ce ma'aunin kasuwa zai wuce wani layi, sama ko ƙasa. Daga ƙarfe ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake auna matsakaicin farashi. In ya wuce layinka, ka ci, wani lokaci ninki-ninki. In bai wuce ba, takardarka ta zama banza, ko dala ɗaya ba za a ba ka ba.

"To shi A-Fa," in ji A-peh Pan, "in ya ce sama, sai mu duka mu sayi ƙasa. Da shi muke gane hanya. Ban taɓa ganin mutum mai baƙin hannu irinsa ba, ko shayi ya saya sai kantin ya rufe."

Aka yi dariya. A-ma ba ta yi ba.

"Amma tun da ya mutu?" Ya ɗaga yatsu shida. "Laraba shida, bai kuskure ko ɗaya ba. Ashe mutuwa yake jira ya waye!"

"Ban gane ba. Ta yaya yake faɗa?"

"Ke za ki tambaye ni? Ke da kike karanta amsar?"

A nan ne na fara gane abin da yake nufi.

Kowace safiya muna kai wa A-gong abinci gaban hotonsa: shinkafa, miya, ruwan wanke fuska da tawul. In turare ya cinye, sai A-ma ta jefa kwandala biyu ta dala goma-goma ta tambaye shi ko ya ƙoshi. In ɗaya ta nuna kai, ɗaya ta nuna lamba, ya ce eh, sai a kwashe kwanuka. In duka biyun suka nuna fuska ɗaya, ya ce a'a. Idon A-ma ya yi yana, ba ta iya bambanta fuskokin. Ni nake durƙusawa in duba in gaya mata.

Ran Laraba takan yi jifa na biyu, tana motsa leɓe a hankali. Na ɗauka tambayarsa take ko yana son ƙarin shayi.

"A-ma," na ce, "me kike tambayarsa a jifa na biyu?"

"Ko kasuwa za ta hau."

"In ya ce eh?"

"In sayi na sama. In ya ce a'a, na ƙasa. Pan yana danna mini."

"Yau fa?"

Ta yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun ranar jana'iza. "Ai ke kika gaya mini. Ya ce eh."

Yanzu zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba.

Da safiyar nan, da ta yi jifa na biyu, kwandala ɗaya ta faɗi kan tabarma. Lamba. Ɗayar ta gangara ta shige ƙarƙashin kabad. Na kwanta na leƙa. Na gan ta sarai, a cikin ƙura.

Lamba.

A'a ya ce.

Amma in A-gong ya ce a'a game da abinci, A-ma takan sake kunna turare, ta zauna tana yi masa magiya, mu yi ta jira. Ni kuma saura shafi goma sha ɗaya in gama littafin da ke ƙarƙashin matashina. Kuma ranarsa ta ƙarshe ce a gidan, ban so abin da za ta ji daga gare shi ya zama a'a. Ban san wanne ya fi nauyi a cikin dalilan nan biyu ba. Ina so in ce na biyun ne. Ba na jin gaskiya ne.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwa na ce, "Ya ce eh, A-ma."

Wani ya taɓa kafaɗata. Kuo-jie ce, dillaliyar da take kula da asusun A-gong tun ina firamare. Ta ja ni bayan ginshiƙi.

"Mene ne a hannunki?"

"Baba ne ya ce in..."

"Mayar da shi jaka. Ban gan shi ba, ban gan ki ba."

"Takardar rasuwa ce."

"Na san abin da yake ciki, ni ma na je jana'izar. Ji nan, ƙanwata. Da zarar takardar nan ta taɓa teburina, asusun ya daskare. Ba saye, ba sayarwa. Kuma duk wanda ya danna wayar mamaci da sunan mamaci, kotu tana da magana da shi. Mako shida ina gaya wa kakarki haka, tana kallona kamar ina karanta mata hasashen yanayi."

"Nawa ta saka yau?"

Ta kawar da kai.

"Kuo-jie, nawa?"

"Duka. Abin da ya bari na gurbinsa, da abin da ta ci a Laraba shida. Dubu ɗari biyu da arba'in. Tikiti ɗari da ashirin, kowanne a kan maki arba'in."

"Yanzu maki nawa ne?"

Ta dubi allo. "Sha tara."

Na koma wurin A-ma na durƙusa a gabanta. Agogon bango ya nuna sha biyu da minti arba'in da uku.

"A-ma, ki ce A-peh ya sayar. Yanzu, tun da sauran abin da za a tsira da shi."

"Me ya sa?"

"Kasuwa tana faɗuwa."

"A Laraba ta uku ma ta faɗi har sha biyu da rabi. Ta dawo."

"Kuɗin gurbinsa ne fa!"

"Wane gurbi?" Muryarta ta canza. "Kin je kin gani? Ni na je. Abin da ya bari layin ƙasa kawai zai saya, na dubu sittin, da ɗan canji. Layin da mai shara yake buga wa tsintsiya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaga kai yana kallon allo, a ƙarshe a ajiye shi wurin takalman mutane? Akwai na daidai ido, mai ɗaki biyu, yana fuskantar dutse. Dubu ɗari huɗu. Ɗaya nasa, ɗaya nawa."

"A-ma..."

"Kuma yau ce rana ta ƙarshe da zan tambaye shi ya amsa. Gobe ya yi nisa."

"Sha bakwai!" wani ya ce daga baya. "Pan, abokinka ya fara halinsa na da!"

"Rufe mana baki, Tsohon Lu," in ji A-peh Pan, "kai da ka jinginar da agogon matarka ka bi shi!"

"Shi ya sa nake magana!"

Na buɗe baki. Kalmomin suna nan a shirye, huɗu ne kacal. Ƙarya na yi miki.

A-ma ta kama hannuna. Tafinta da sanyi.

"A-Ju, kin san shekara nawa muka yi da kakanki?"

"Hamsin da ɗaya."

"Hamsin da ɗaya. In na ce masa abinci ya yi daɗi? Sai ya ce hmm. In na ce rufin ɗaki yana yoyo, hmm. Ranar da na haifi babanki yana nan a kan kujerar nan. Ban taɓa tambayarsa abu ya ba ni amsa sosai ba." Ta gyara wuyan rigarsa a jikinta. "Yanzu duk Laraba ina tambaya yana amsawa. Kuma bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya."

Ta ƙara riƙe hannuna ta ci gaba.

"Kin san lambar buɗe wayarsa? Pan ne ya gano. Ranar haihuwata. Mutumin da bai taɓa tuna ta ba ko da ƙwai ɗaya. Ashe sau hamsin yake danna ta a yini."

Ta saki hannuna ta mayar da ido kan allon da ba ta iya karantawa.

"Kalmarsa ta ƙarshe gare ni eh ce. Ba zan sayar da ita ba."

Ku gaya mini, ku da kuke karantawa. Da ku ne, za ku faɗa?

Ni ban faɗa ba.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina lissafi. Kowane maki dala hamsin ne. Tikiti ɗari da ashirin. In farashi ya sauka ƙasa da maki goma, ko layin tsintsiyar ma ya kuɓuce. Baba kuwa tun bara ya rufe shagonsa. Tokar A-gong za ta dawo gida cikin jaka.

"Sha biyar."

Kore ya cinye allo na uku. Hayaniyar ɗakin ta mutu. Na'urar sanyaya ɗaki tana hurowa a ƙeyata, kuma zan iya rantsewa na ji warin sigarinsa, wanda ya daina sha tun kafin ya kwanta asibiti. Wataƙila daga rigar yake fitowa. Haka na gaya wa kaina.

Kofin shayinsa yana ƙasa kusa da ni. Ruwan ciki yana rawa.

"Sha uku."

"A-Fa!" Tsohon Lu ya miƙe yana nuna rufi da sanda. "In wasa kake, ya isa haka! Agogon matata ne!"

"Kada ka yi masa tsawa ranar tafiyarsa," in ji wata tsohuwa. "Zai yi fushi ya ja mu duka."

A-peh Pan ya daina dariya. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya ajiye wayar A-gong a kan hannun kujera, ya ciro tasa, ya matsa gaban allo yana ƙunƙuni. Sauran suka bi shi, suka yi cincirindo. Kuo-jie tana can tana amsa wayoyi biyu lokaci ɗaya.

A-ma ta rufe ido. Leɓunanta suna motsi, irin motsin da suke yi kafin jifa na biyu.

Sha biyu da minti hamsin da shida.

Ni kaɗai a ɗakin nan na san abin da ya ce. Laraba shida bai kuskure ba. Kuma yau a'a ya ce.

Na miƙa hannu.

Wayar tana da ɗumi, kamar yanzu aka cire ta daga kunne.

Na zura ta cikin jaka kusa da ambulan. Na tashi kamar mai neman banɗaki. Ba wanda ya juyo. Ni dama ba a cika ganina ba, a makaranta ma sai malami ya kira sunana sau biyu yana kallon wata.

A matakala na zauna tsakanin hawa biyu. Na kuskure lambar sau ɗaya. A karo na biyu ta buɗe. Hoton da ke fuskar wayar A-ma ce tana tsinke wake a bakin ƙofa, ba ta san ana ɗaukarta ba.

Maki sha ɗaya.

Na tuna maganar Kuo-jie game da kotu. Na tuna shekaruna sha tara ne, ba za a ce yarinya ce ba.

"A-gong," na ce a hankali, "kai ka ce a'a. Na gani da idona. Maganarka nake bi."

Fitilar matakalar ce kawai take ƙyaftawa, kuma ta daɗe tana yin haka.

Na zaɓi duka ɗari da ashirin. Na zaɓi sayarwa a farashin da ke kasuwa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata.

Na danna.

Ta yi ƙara ɗaya, irin ƙarar da nake ji daga ɗakinsa tun ina ƙarama. An sayar. Maki goma da rabi. Dubu sittin da uku.

Layin ƙasa ya tsira.

Na jingina kai da bango. Sai a lokacin na lura ƙwan nan yana cikin aljihuna, na matse shi ya fashe. Agogon wayar ya koma ɗaya daidai.

Minti ɗaya. Biyu. Ina ƙoƙarin tsara yadda zan mayar da wayar kan kujera.

Sai ihu ya tashi a sama.

Na girma ina jin ihun ɗakin nan in na kawo wa A-gong abincin rana. Iri biyu ne. Na faɗuwa gajere ne, kamar an naushi mutum a ciki. Wannan dogo ne, da buga kujeru.

"Ja! Ja ya dawo!"

"Dubi manyan kamfanoni! Wa yake saye haka?"

"Ya taɓa layi! Ya wuce!"

Na dubi wayar. Tikitin da na sayar a goma da rabi.

Ashirin da takwas.

Arba'in da ɗaya.

Hamsin da biyar.

"A-Fa, ka yafe mini!" Muryar Tsohon Lu ce, tana rawa. "Zan ƙona maka mota ta takarda, har da direba!"

Sittin da tara.

A cikin duk hayaniyar na tsinci muryar A-ma. Ba ta ɗaga ta ba, amma ta sauko matakalar nan har inda nake.

"Na gaya muku. Eh ya ce mini."

Na kalli lambar da ke asusun. Dubu sittin da uku. Ba ta motsa ba, ba kuma za ta motsa ba.

Wa ya yi ƙarya da safiyar nan? Ni ce? Na ga lamba a ƙarƙashin kabad, na gan ta. Ko kuwa ya san zan juya maganarsa, shi ya sa ya faɗe ta a juye? Ya san ni. Shi yake saya mini littattafan.

"A-so, mai ɗaki biyu ya samu!" in ji A-peh Pan. "Mai fuskantar dutse! Bari in nuna miki da idonki. Ina wayar?"

Sai muryarsa ta sake tashi.

"Nan na ajiye ta. Lu, ka ɗaga ƙafarka. Wa ya ga wayar A-Fa?"

Kujeru suka fara ja.

"A-Ju za ta karanta mini," in ji A-ma. "Ita ba ta taɓa karanta mini ba daidai ba. A-Ju? Ina A-Ju?"

Na cire takalmina na riƙe a hannu, don kada matakala ta yi ƙara. Wayar a ƙirjina, har yanzu da ɗuminta. Na sauka hawa ɗaya, na bi ta ƙofar baya ta kantin magani, na fita cikin rana.

Tana kiran sunana har na sha kwana.